Filin Masunta: Tambayoyinku Kan Kifin Wolai, Kotonsa da Gasar Kamunsa

Wasiƙun wannan wata sun karkata kan kifi guda, wolai, wanda a takardun lasisi da kantuna za ku ga an rubuta shi walleye. Kifin ruwan sanyi ne na Kanada da arewacin Amurka, kuma yawancin masu tambayar 'yan'uwanmu ne da karatu ko neman abinci ya kai su can. Mun taƙaita wasiƙun, mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a jihar Minnesota. Na yanki lasisi, nakan je bakin tafki bayan azahar in jefa ƙugiya har la'asar, amma ko taɓawa ba a yi. Abokan karatuna kuma kullum da hotunan wolai. Ina matsalar take?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kana zuwa ne a lokacin da kifin ya shige ɗaka. A bayan idon wolai akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, irin wanda ke sa idon kyanwa ƙyalli in an haska ta da tocila. Shi ya sa yake gani a duhu fiye da ƙananan kifayen da yake farauta, shi ya sa kuma rana mai ƙarfi ke takura masa. Da tsakar rana, a ruwa garai-garai, yakan gangara zurfi ko ya maƙale a inuwar ciyawar ruwa. Da asuba, da gab da magariba, da cikin dare, sai ya hauro bakin gaɓa ya yi kiwo a ruwan da bai fi ƙafa 3 zuwa 8 ba. Wanda ba shi da jirgi, waɗannan sa'o'in su ne rabonsa.

Abu biyu kan tsawaita maka lokaci: hadari da iska. Idan sama ta lulluɓe, ko iska ta tayar da 'yan igiyoyi a fuskar ruwa, haske ba ya ratsawa sosai, sai kifin ya fito da rana. Ka tsaya a gaɓar da iska ke bugowa, duk da jifa a wurin ya fi wuya. Can ruwan ke ɗan gurɓacewa, can ƙananan kifi ke taruwa, shi kuma yana biye da su.

Sai lokacin shekara. Yana zubar da ƙwai ne bayan ƙanƙara ta narke, sa'ad da sanyin ruwa ke tsakanin digiri 6 da 10 a ma'aunin Salshiyas, a kan tsakuwa da duwatsu, a bakin tafki ko cikin kogunan da ke shiga tafkin. Makonnin da ke biye yana nan kusa da waɗannan wurare, kuma a jiharku ana buɗe kamunsa a yawancin tafkuna ne cikin watan Mayu, daidai wannan ƙadami. Da ruwa ya yi ɗumi a Yuli da Agusta sai ya koma tudun duwatsun tsakiyar tafki da gangaren ƙarƙashin ruwa, ƙafa 15 zuwa 30. A Oktoba ya sake dawowa gaɓa da dare, kuma a lokacin ne masu tsayawa a ƙasa suka fi kama manya.

Ka kuma san shi da ido, don yana da ɗan'uwa mai suna soga da dokarsa kan bambanta a wasu ruwaye. Wolai yana da farin tabo a ƙasan wutsiya, da baƙin tabo guda a ƙarshen ƙayar bayansa ta gaba. Soga ba shi da farin tabon sosai, ƙayar bayansa kuma ɗige-ɗige ce.

TAMBAYA: Ni uwa ce a birnin Winnipeg na Kanada, ina so in saya wa 'ya'yana kayan fatsa. Na shiga kanti na ga bango guda cike da koto kala-kala, na fito ban sayi komai ba. Mene ne wajibi?

AMSA: Hajiya, fitar da kika yi hannu rabbana ta cece ki asarar kuɗi. Abin da ake bukata kaɗan ne. Sanda mai tsawon ƙafa 6 da rabi zuwa 7, mai matsakaicin laushi, wadda kanta kawai ke lanƙwasa, sauran jikinta na da ƙarfi. Manaɗin zare mai lamba 2000 ko 2500. Zaren lailon mai ɗaukar laba 6 zuwa 8. Idan kin fi son saƙaƙƙen zare, wanda ba ya miƙewa kuma ya fi isar da motsin kifi zuwa hannu, ki ɗauki na laba 10, a ƙulla masa ƙafa 2 zuwa 3 na zaren fulorokabon, wanda ba ya fitowa sosai a cikin ruwa, a gaba, domin saƙaƙƙen yana fitowa fili a ruwa mai haske.

Sai jig, wato ƙugiya mai dunƙulen dalma a ka. Nauyi uku sun isa: ɗaya bisa takwas na oza, giram 3.5 ke nan, don ruwan da bai kai ƙafa 10 ba; kwatan oza, giram 7, don ƙafa 10 zuwa 20; sai mai giram 10.5 don abin da ya fi haka ko in akwai iska. Ƙa'idar ita ce mafi sauƙin jig da zai iya taɓa ƙasa har a ji shi. Idan ya yi nauyi da yawa kifin zai ji dalmar ya tofar, idan ya yi shafal zai yi ta shawagi sama da kan kifin ba wanda ya sani. A kogi mai ƙarfin gudu kamar Kogin Detroit har oza guda ake ɗaurawa, don zaren ya tsaya a miƙe ƙarƙashin jirgi.

A jikin ƙugiyar ake soka ɗan ƙaramin kifi: a shigar ta baki, a fitar ta bayan kai. Ko a sa wutsiyar roba mai inci 3 zuwa 4. A jefa, a bar shi ya nutse har zare ya saki, alamar ya sauka ke nan. A ɗaga kan sanda kamar taƙi ɗaya ko biyu, a bar shi ya koma ƙasa da zaren a ɗan ɗame, a dakata daƙiƙa ɗaya ko biyu, a sake.

Ga inda yara da manya ke faɗuwa. Wolai ba ya fizga. Yawanci yana zuƙe koton ne yayin da yake gangarowa, abin da za a ji bai wuce ɗan "tik" a yatsa ba, ko kuwa a zo ɗagawa a ji nauyi kamar an maƙalo ganye. Wanda ya sake zare gaba ɗaya lokacin gangarowa ba zai ji komai ba. Ki ce musu su sa ido a inda zare ya shiga ruwa. In ya yi tsalle ko ya tsaya kafin lokacin da ya saba isa ƙasa, su ɗaga sanda da sauri, sau ɗaya. Idan ana yawan dawo da koto an gutsure wutsiyarsa, kifin na kama baya ne, sai a ƙara 'yar ƙugiya mai baki uku a gajeren zare, a maƙala ta kusa da wutsiyar koton.

Ga ƙananan yara kuwa, totuwa mai zamewa ta fi. Ana ɗaura ɗan ƙulli a zare a daidai zurfin da ake so, sai ɗan dutsen ado, sai totuwar roba mai rami wadda zare ke ratsawa, sai 'yar dalma, sai ƙugiya lamba 6 da matsattsaku. A saita koton ya rataya kamar ƙafa 1 sama da ƙasa. Totuwa ta nutse, a ƙirga uku, a naɗe sakin zaren tukuna, sannan a ɗaga. A lura, matsattsaku kan dunƙule a jikin ƙugiya in ruwa bai kai digiri 10 ba. A irin wannan sanyi ƙaramin kifi ya fi. Wani abu kuma: a lardinku doka ta ce a danne ƙayar bakin ƙugiya da filaya kafin a jefa, sannan gandayen shaƙatawa na ƙasa a Kanada sun hana ƙananan dalma, don tsuntsayen ruwa na haɗiya su mutu.

TAMBAYA: Na samu ƙaramin jirgi a jihar Dakota ta Arewa, a Amurka. Maƙwabcina ya ce in yi ɗaurin Lindy, wani ya ce dalmar waya. Wanne ya fi?

AMSA: Malam, kowanne da ranarsa. Ɗaurin Lindy ya bazu ne daga Brainerd ta Minnesota a ƙarshen shekarun 1960, ta hannun 'yan'uwa biyu, Al da Ron Lindner. Dalma ce mai rami da zare ke zamewa a ciki, sai ɗan majuyi da ke tare ta, sai zare ƙafa 3 zuwa 6, sai ƙaramar ƙugiya da tana ko matsattsaku ko ɗan kifi. Ana tafiya da jirgi a hankali ƙwarai, ƙasa da rabin mil a awa, manaɗi a buɗe, zare a kan yatsa. Da an ji taɓi sai a saki zaren, kifin ya tafi da koto bai ji nauyin dalma ba. A ƙirga biyar zuwa goma, a rufe manaɗi, a naɗe har a ji nauyi, a share sanda gefe. Masu yi da tana sukan hura mata ɗan iska da allura don ta ɗago daga laka. Aibinsa shi ne in an daɗe ana ƙirga kifin zai haɗiye ƙugiya har ciki, kuma wanda doka ta ce a saki ba lallai ya rayu ba. In hakan ta faru a yanke zaren kawai, kada a tsaya tono.

Wannan ɗauri na wanda ya riga ya san inda kifi yake ne. Mai nema kuwa, dalmar waya ce tasa, kuma a manyan madatsun Kogin Missouri irin su Sakakawea da Oahe ita ce abincin yau da gobe. Waya ce mai lanƙwasa kamar lamba 7, da dalma a tsakiyar doguwar ƙafar. Ƙafar ce ke taka duwatsu ba ta maƙale ba, a gajeren hannun kuma ake ɗaura zare ƙafa 3 zuwa 5 mai ɗan faranti mai juyawa, da duwatsun ado, da ƙugiya biyu da aka miƙe tana a kansu. Lissafin nauyi: oza 1 ga kowace ƙafa 10 na zurfi. Gudun jirgi mil 1 zuwa 1.3 a awa. Zaren ya shiga ruwa a karkace da kusurwar digiri 45, kada ya fi haka kwanciya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sakin zare fiye da kima. Wayar sai ta kwanta ta yi ta jan ciki, koton ya kwashi ciyawa da laka. A sake har ta taɓa ƙasa, a dakata jirgi ya ja ta, a ƙara kaɗan har ta sake taɓawa, shi ke nan. Tana kuma dole ta miƙe sak tsakanin ƙugiyoyin, in ta lanƙwashe za ta murɗe zaren. Faranti mai faɗi, wanda ake kira Colorado, yana juyawa ko da a ƙaramin gudu kuma yana bugun ruwa da ƙarfi, ya dace da gurɓataccen ruwa; siriri mai kamar ganye sai an ƙara gudu. Idan kifi ya kama, kada ka fizga. Ka mayar masa da kan sanda baya kaɗan, sannan ka share gaba.

TAMBAYA: Muna fita Tafkin Erie daga ɓangaren Ohio. Na'urar gano kifi na nuna mana kifi a ƙafa 20 cikin ruwa mai zurfin ƙafa 45, muna jan kifin roba ta kansu, shiru. Jiragen gefenmu kuma na ta ɗiba.

AMSA: A nan ne sana'ar take, don haka bari mu zauna a kai. A Erie wolai yakan bar ƙasa ya rataya a tsakiyar ruwa yana bin garken ƙananan kifi. Idonsa na kallon sama ne, yana hawa ya kama abinci, da wuya ya gangara. Koton da ya bi ƙafa 2 a samansa zai ci. Wanda ya bi ƙafa 2 a ƙasansa kamar ba a jefa ba. To tambayar ita ce, kun san zurfin da kotonku ke bi, ko kuwa zato kuke yi?

Zurfin kifin roba mai leɓe ya dogara da abu uku: girman leɓensa, tsawon zaren da aka saki, da kaurin zaren. Siririn zare na nutsar da shi fiye da mai kauri. Shi ya sa masu wannan aiki ke amfani da manaɗi mai ƙirga ƙafa, kuma su sa zare iri ɗaya, galibi lailon na laba 10, a dukkan sanduna, su cika manaɗan daidai wa daida. Manaɗin da zarensa ya ragu yana ƙaryar lissafi: zai nuna 100 alhali abin da ya fita bai kai ba. A auna ƙafa 100 a ƙasa da tef, a ja zare a gani ko lambar ta yi daidai. Akwai jadawalin nutsewa na sanannun koto irin su Husky Jerk, Reef Runner, Bandit da Flicker Shad, wanda ke faɗin zurfin da kowane tsawon zare ke bayarwa.

Da safe kada a sa duk sanduna a tsawo ɗaya. A sa ɗaya a ƙafa 40 na zare, ɗaya 60, ɗaya 80, ɗaya 100. Wadda ta kama sau biyu, a mayar da sauran kusa da lambarta. Don kada zaruruwa su sarƙe, kuma don kifin da ke sama-sama yana kauce wa inuwar jirgi da ƙarar inji, ana maƙala allon gefe a zare: ɗan allo ne mai dalma a gindi da 'yar tuta, wanda ke jan zaren nesa da jirgi dama da hagu. In allo ya ja baya daga sahun 'yan'uwansa, kifi ne ko ciyawa. A naɗo a hankali ba tare da fizga ba, wani ya cire allon, a ci gaba da naɗi, jirgi kuma bai tsaya ba.

Gudu: a ruwan sanyi na Afrilu da Nuwamba mil 1 zuwa 1.5 a awa, a tsakiyar zafi mil 2 zuwa 2.5. Hanyar gane abin da kifi ke so ita ce tuƙi a karkace, ana 'yar kwana dama da hagu. A kwana, koton da ke waje yana ƙara gudu, na ciki yana raguwa. In na waje ake ci, ƙara mai. In na ciki, rage. Ku tuna kuma na'urar tauraron ɗan'adam gudun jirgi a kan ƙasa take nunawa. Erie na da igiyar ƙarƙashi, don haka mil 2 in an fuskanci gabas ba lallai ya zama mil 2 a wurin koto in an juyo yamma ba. In ɓangare ɗaya kawai ake ci, a ɗauke kaya a koma mafari a sake bi ta wannan fuskar.

Idan ana son a kai ƙaramin koto zurfi, akwai zare mai dalma a cikinsa, wanda launinsa ke canzawa kowace yadi 10. Kowane launi na ƙara kusan ƙafa 5 a gudun mil 2. Ko a maƙala dalma mai ɗan maƙalli a zare ƙafa 20 zuwa 50 gaban koton. Da waɗannan, rage gudu na nutsar da koto, ƙara gudu na ɗago shi.

Kafin a saki kowane kifin roba a ja shi a gefen jirgi a duba. In yana karkata hagu, a kama zoben hancinsa da filaya a ɗan lanƙwasa dama, kaɗan ƙwarai, a sake gwadawa. Koton da ke gudu a karkace ba ya kai zurfin jadawali, kuma shi ne ke haɗa zaruruwa faɗa. Dokar Ohio a Erie: sanda 3 ga mutum, kifi 6 a rana, kada ya gaza inci 15, a riƙa duba littafin dokokin kowace shekara. A yawancin ruwayen Minnesota kuwa zare ɗaya aka yarda in ba lokacin ƙanƙara ba ne, saboda haka kada a kwashi tsarin Erie a kai can.

TAMBAYA: Wane launin koto ya fi?

AMSA: Ruwa mai haske, launin azurfa ko na ainihin kifi. Gurɓataccen ruwa, ruwan lemo ko rawaya mai ɗaukar ido. Idon wolai ya fi kama launukan da ke tsakanin kore da ruwan lemo. A ra'ayinmu launi shi ne na huɗu, bayan wuri da zurfi da gudu, kuma shi ne ya fi cin kuɗin mutane.

TAMBAYA: Ina sha'awar shiga gasa amma ba ni da jirgin dala dubbai. Yaya tsarin yake, kuma me ke raba mai nasara da sauran?

AMSA: Ɗan'uwa, akwai ƙofa. A gasar National Walleye Tour, wadda ta fara a 2013, ana haɗa ƙwararre mai jirgi da abokin tafiya ta hanyar ƙuri'a, kowace rana da sabon abokin. Kuɗin shigar abokin tafiya ya yi ƙasa sosai da na ƙwararre, kuma nauyin abin da jirgin ya kama na su biyun ne. Babu makarantar da ta fi wannan arha. Masters Walleye Circuit, wadda ta faro tun 1984, ta tawagar mutum biyu ce da suka zaɓi juna. Ban da su, kusan kowane babban tafki na da ƙananan gasar ƙungiyoyi.

Yawanci kwana biyu ake yi, a fita da sassafe a dawo da yamma, a auna kifi 5 a rana, a tara nauyi. Ana rage maki kan kifin da ya mutu, ana ragewa kan kowane minti na latti, wanda ya wuce iyakar lattin kuma ya rasa na ranar duka. Kafin gasa akwai kwanakin gwaji. Mai hankali ba ya ragargazar wurin da ya samo a lokacin gwaji. Ya kama ɗaya ko biyu ya ga girmansu, ya ɗaga, ya nemi wuri na biyu da na uku don ranar da iska za ta juya.

Abin da ke raba mutane shi ne shawara, musamman inda doka ta hana musanya. A wasu jihohi, kifin da ka jefa a tankin jirgi ya shiga lissafinka, ba ka da ikon fitar da shi in ka sami wanda ya fi shi. Wasu ruwaye kuma na ƙayyade manya, misali guda ɗaya ko biyu kacal sama da wani tsawo. Ka ɗauka ƙarfe 8 na safe ka kamo mai inci 23. Ka ajiye shi, ka toshe gurbin da mai inci 28 zai shiga da rana. Ka sake shi, wataƙila ka dawo da gurbin a wofi. Amsar na cikin abin da ka gani a kwanakin gwaji da kuma nauyin da aka saba cin gasa da shi a wannan tafki a wannan wata.

Kula da tanki ma aiki ne. Famfo ya riƙa zagaya ruwa, a zafi a riƙa sa ƙanƙara kaɗan-kaɗan, kada sanyin ya faɗi farat ɗaya. Kifin da aka ciro daga zurfin da ya wuce ƙafa 30 yana da wata matsala: jakar iskar cikinsa a rufe take, ba ya iya fitar da iska da sauri, sai ta kumbura, ya kife yana yawo ciki sama, wani lokaci har idanu su firfito. Wasu na huda jakar da allura, amma hukumomin kifi da dama ba sa goyon bayan haka, don kuskure kaɗan ya taɓa hanta ko hanji. Wanda ke da niyyar saki, ya bar kifin zurfi ya zauna lafiya.

Ba za mu ɓoye ba, na'urar hangen gaba ta sauya wasan. Tun da Garmin ta fito da LiveScope a 2018, kamfanonin Lowrance da Humminbird suka biyo da nasu, mutum na ganin kifi guda yana iyo a allo, ya jefa masa jig ko wani ɗan koto mai nauyi da ake kira Jigging Rap a gaban hanci, ya ga ko ya juyo. Ana ta muhawara a kai. Amma abokin tafiya ba ya bukatar sayen ko ɗaya.

TAMBAYA: Baba ne ke tambaya daga Birnin Kebbi. Ya ji an ce Turawa ma na maguɗi a gasar kifi, har da cusa ƙarfe. Gaskiya ne? Kuma in haka ne, ta yaya ake hanawa?

AMSA: A gaida Baba da kyau. Gaskiya ne. Ranar 30 ga Satumba, 2022, a birnin Cleveland, a gasar Lake Erie Walleye Trail, wasu mutum biyu suka kawo kifi 5 da sikeli ya nuna sun haura laba 33. Alƙalin gasar ya san kifi mai wannan tsawo bai kamata ya wuce laba 4 zuwa 5 ba. Ya latsa cikin ɗaya ya ji tauri, ya sa wuƙa ya farke a gaban jama'a, sai ga dunƙulen dalma da yankakken naman wani wolai da aka cusa don kada dalmar ta yi ƙara. Dalma 10 aka ciro, nauyinsu ya kai laba 7. Kuɗin da suke shirin ɗauka ya haura dala 28,000. A 2023 suka amsa laifi, kotu ta ɗaure kowannensu kwana 10, aka ƙwace jirginsu, aka dakatar da lasisinsu shekara 3.

A Argungu, inda Baba ya sani, dubban masunta ne ke faɗawa Matan Fada da homa da gora a idon kowa, kifi mafi girma guda shi ne zakara. A gasar wolai jirage na watsewa mil da yawa ba mai ganin wani, shi ya sa ake duba tankin jirgi kafin fita, ake sa waɗanda suka ci gwajin na'urar gano ƙarya, wasu kuma suka ƙara da na'urar gano ƙarfe a wurin awo. Akwai kuma tsarin da wata gasar wolai ta Amurka mai suna AIM ta shahara da shi: a kama kifi, a kwantar da shi a kan ma'aunin da gasa ta bayar, baki a rufe yana taɓa katangar ma'aunin, a ɗauki hoto, a rubuta a kati, a sake shi nan take. Daga baya a mayar da tsawo nauyi da jadawali. Dalma ba ta ƙara tsawo, kifin kuma bai sha wahalar tanki ba. Illarsa, kifi mai ƙiba da ramamme in tsawonsu ɗaya makinsu ɗaya, kuma 'yan kallo ba su da abin kallo a bakin sikeli.

TAMBAYA: Za a iya kiwon wolai a Tafkin Kainji? In ba zai yiwu ba, dabarun nan za su yi a kan kifinmu?

AMSA: Kiwo dai a'a. Ƙwansa ba ya nuna sai ya sha sanyin hunturu mai tsawo, ruwanmu kuma ya fi ƙarfinsa zafi. Ko da zai rayu ma, zuba baƙon kifi mai farauta a tafki ba wasa ba ne. Giwan ruwan da aka zuba a Tafkin Victoria a shekarun 1950 ya share ire-iren ƙananan kifi masu yawa.

Dabarun kuwa wasu za su yi, kuma a kan giwan ruwan ne. Shi ma idonsa na ƙyalli, ya fi farauta da sassafe da almuru, yana son gefen duwatsu da gangaren ƙarƙashin ruwa. A Tafkin Nasser na Masar, jan babban kifin roba a bayan jirgi, irin na kamfanin Rapala, shi ne sananniyar hanyar kama shi. Sai dai a bar kayan wolai a gida. Babban wolai da aka rubuta a tarihi laba 25 ne, kilo 11 da ɗoriya, daga Tafkin Old Hickory na Tennessee a 1960, giwan ruwa kuwa na iya haura kilo 100. Ana bukatar saƙaƙƙen zare na laba 50 ko fiye, da lailon mai kauri na laba 80 zuwa 100 a gaba, domin murfin kumatunsa na da kaifi, yana yanke siririn zare idan ya yi tsalle ya girgiza kai. A canza ƙugiyoyi da zobban da koton ya zo da su a sa masu kauri, don na kanti kan miƙe. Inda akwai tsage a ƙara taƙi ɗaya na waya a gaban koton. Kafin a fara ja kuma a sami sarkin ruwa ko masuntan wurin a tambayi inda suka kafa taru da mamari, don koto mai nutsewa ƙafa 15 ba ya wuce raga bai kwaso ta ba.